Isaac Fadoyebo da yaƙin Bama: yadda labarin 'yan mazan jiya ya kusa salwanta

Wanda ya zauna a Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, mutumin Zariya ya san barikin Chindit, a Ibadan akwai Letmauk, a Legas kuma akwai Arakan da Myohaung da Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har zuwa 1991 da aka mayar da fadar gwamnati Abuja. Sunayen nan sun zauna a bakin mutane har sun zama kamar na gida, direbobin haya suna kiran su, ana yin kwatance da su, amma da za a tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin barikokin a tambayi masu wucewa asalin sunan, da wuya a sami mai bayar da amsa. Bahaushe ma idan ya ji an ce Dodan, dodo ne yake faɗo masa a rai, kuma idan aka dubi tsoron da ake yi wa wurin a zamanin soja, ba za a ga laifinsa ba. Galibin sunayen na garuruwa ne da koguna da yankuna na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Chindit kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da ake saukewa a bayan abokan gaba, wadda bataliyoyi uku na Nijeriya suka yi aiki a cikinta.

Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma aka kai wancan fagen daga, fiye da rabinsu kuma 'yan Nijeriya ne. Daga cikin wannan taro mai yawa, waɗanda suka bar labarinsu a rubuce da hannunsu ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Isaac Fadoyebo, kuma rayuwarsa da irin faman da ya yi kafin a saurare shi sun isa su nuna yadda tunawa da yaƙi take rayuwa da yadda take mutuwa. Abin da ya tsira na labarinsa ya tsira ne ta hanyar naci na mutum ɗaya da kuma jerin dace, ba don wata hukuma ta ɗauki nauyin adana shi ba.

Kafin a zo kansa, sai an fahimci abin da ya kai ɗan Afirka dajin Asiya. A watan Fabrairun 1942 Singafo ta faɗa hannun Japan, a watan Maris Rangun, babban birnin Bama na lokacin, ta bi baya, kafin damina ta kankama an kori sojojin Birtaniya daga Bama zuwa iyakar Indiya. Birtaniya tana fama da Jamus a Turai da Arewacin Afirka, mutanenta ba su ishe ta ba. A lokacin kuwa sojojin Nijeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, sun riga sun nuna bajinta a yaƙin da aka yi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, inda birged ɗin Nijeriya ya yi doguwar tafiyar nan daga Mogadishu zuwa Harar. Janar George Giffard, wanda ya shugabanci sojojin Afirka ta Yamma, shi ne ya matsa a kai su Bama, bisa hujjar cewa sun saba da zafi da daji da zazzaɓin cizon sauro, kuma suna iya ɗaukar kaya a ka inda mota ba ta shiga. Hujjar tana da rauni, domin mutumin da aka ɗauko daga Katsina ko Gumel ko Argungu bai taɓa ganin irin wannan ƙurmin ba, ɗan fili ne da ya saba hango nesa. Duk da haka aka kafa runduna ta 81 da ta 82 a 1943. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye bisa gammo, kuma wannan gammon ya faɗi gaskiyar aikin da dubbansu suka je yi.

Ɗaukar soja a Arewa ta bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, aka riƙa yanka wa kowace gunduma adadin da za ta kawo. Akwai wanda ya je da kansa don albashi da kaki, akwai wanda ya gudu daga haraji ko bashi ko wata rigimar gida, akwai kuma wanda dagaci ya nuna da yatsa ba tare da an tambayi ra'ayinsa ba, kamar yadda aka riƙa tilasta wa mutane aikin haƙar kuza a Jos a shekarun. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya tun kafin yaƙin, hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta, saboda haka an ji Hausa a bakin kogunan Bama, an ba da umarni da ita, an yi waƙoƙin tafiya da ita. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gana da sojojin. Wannan ya sa rashin labarin yaƙin a rubuce da Hausa daga bakin waɗanda suka yi shi ya zama babban giɓi.

Fadoyebo ba ɗan Arewa ba ne. An haife shi a watan Disambar 1925 a ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, cikin jihar Ondo ta yanzu. Ya gama firamare, mahaifinsa bai da halin kai shi sakandare, sai ya shiga soja a farkon 1942 yana da shekara 16. Bai ɓoye cewa ƙuruciya da son ganin duniya ne suka ja shi ba, bai kuma yi da'awar cewa ya tafi ne don ceto duniya daga Hitila ba. Da yake ya iya karatu da rubutu, sai aka sa shi a sashen kula da marasa lafiya, a wata ƙaramar ƙungiya mai lamba 29 wadda aikinta shi ne karɓar waɗanda aka raunata a bakin daga, a yi musu maganin gaggawa kafin a wuce da su asibiti. A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa, suka zaga ta kudancin Afirka suka sauka a Bombay, daga nan aka ratsa Indiya da su zuwa iyakar Bama.

Aikin da aka ba runduna ta 81 shi ne ta gangara kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, ta tsare gefen babbar rundunar da take kai hari ta bakin teku. Wuri ne na tsaunuka da ƙurmin gora, babu titi, sai da sojojin suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin mil 75 da adda da diga. Inda hanyar ta ƙare, kai ne ya ɗauki komai: harsasai, da sassan igwa, da magunguna, da na'urar sadarwa. Abinci kuwa daga sama jirage suke jefo shi da laima, kuma wannan runduna tana cikin manyan rundunoni na farko da aka ciyar ta wannan hanya kacokan. Da farko tafiya ta yi kyau har suka kai Kyauktaw, amma a farkon Maris na 1944 Japanawa suka zagayo ta bayansu, al'amari ya rikice.

A safiyar 2 ga Maris 1944 ne abin ya rutsa da su Fadoyebo. Sun kwana a bakin kogi bayan sun yi ta gangarowa bisa gora da aka ɗaɗɗaure, ba su san cewa abokan gaba sun riga sun iso ɗaya gaɓar ba. Ma'aikatan jinya ne, ba mayaƙan gaba ba, saboda haka da aka buɗe musu wuta babu wani abin kirki da suka iya yi. Harsashi ya farfasa masa ƙashin cinya, wani ya same shi a ciki. Japanawa suka tsallako, suka dube shi, suka ga ba mai rayuwa ba ne, suka bar shi a nan. Yana da shekara 18. A wajen hukumar soja ya shiga sahun waɗanda suka ɓace, a gida kuma aka ɗauka ya mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar labarin. Ya haɗu da wani saje ɗan Saliyo mai suna David Kargbo, shi ma da rauni, suka ɓuya a daji ba mai iya tafiya a cikinsu. Mutanen ƙauyukan wurin Musulmi ne, daga al'ummar da duniya ta sani yau da sunan Rohingya, kuma wasunsu suka riƙa kawo musu shinkafa da ruwa a ɓoye. Su biyun Kirista ne, amma suka nuna wa mutanen cewa su Musulmi ne don su sami shiga, abin da Fadoyebo bai ɓoye ba da ya zo ba da labari. Da ruwan damina ya tsananta, wani manomi mai suna Shuyiman ya kwashe su ya kai su cikin gidansa a ƙauyen Mairong. Ya san sarai cewa da sintirin Japanawa ya gano su, shi da iyalinsa ba za su kwana ba. Talaka ne wanda abincin gidansa ma bai wadata ba, kuma babu wata alaƙa ta jini ko ta harshe tsakaninsa da baƙin nan biyu. Haka suka zauna, jimillar wata tara tun daga ranar harin, har zuwa Disambar 1944 da sojojin Gurkha na ɓangaren Birtaniya suka iso yankin suka ɗauke su. Wata guda bayan haka rundunonin 81 da 82 suka haɗu suka ƙwace Myohaung, tsohuwar hedikwatar masarautar Arakan.

Ya dawo gida a 1945 da ƙafa ɗaya ta gajarce, ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa. An tarbe shi a ƙauye kamar wanda ya tashi daga kabari. Daga baya ya sami aikin gwamnati a Legas, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya yi ritaya. Shekaru fiye da 40 suka wuce babu wanda ya nemi jin abin da ya faru a Kaladan in ban da na kusa da shi.

Dalilin wannan shiru ba guda ɗaya ba ne, kuma a ganina kuskure ne a jibga wa Turawa laifin gaba ɗaya, ko da yake kasonsu ba kaɗan ba ne. Yaƙin Bama kansa bai sami kulawa a Ingila ba, har sojojin Janar William Slim suka riƙa kiran kansu rundunar da aka manta da ita. Hankalin mutanen Ingila yana kan Turai, kuma da aka ci Jamus a watan Mayun 1945 suka yi bikinsu, alhali ana ci gaba da mutuwa a Asiya har watan Agusta. A cikin yaƙin na Bama ma, manyan gumurzun Imphal da Kohima da ke iyakar Indiya ne suka ɗauke hankalin marubuta, Kaladan ta zama gefen gefe. To idan Bature ɗan Ingila yana kukan an manta da shi, ina ga baƙin kurtu da yake ɗauke masa akwatin harsashi? Wani tsohon hafsan rundunar ta 81, John Hamilton, ya ji zafin yadda tarihin hukuma ya taƙaita rawar da 'yan Afirka suka taka, har ya zauna a tsufansa ya rubuta tarihin rundunar, aka buga shi a 2001. Bambancin ma bai tsaya a takarda ba. Wani bincike da 'yan jarida suka fitar a 2019 ya bankaɗo takardar gwamnatin Birtaniya game da sojojin Gabashin Afirka, wadda ta nuna cewa kuɗin sallamar farar fata mai muƙamin kurtu sule 10 ne a kan kowane watan da ya yi yana aiki, na baƙar fata mai muƙami iri ɗaya kuwa sule uku da sisi. Hafsoshi kusan dukkansu Turawa ne. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya sami muƙamin hafsa a 1942 kuma ya yi yaƙi a Bama, ana ambatonsa ne saboda irinsa ba su da yawa.

Kaso na biyu namu ne. Ƙasar da ta sami 'yancin kai a 1960 tana neman jarumai waɗanda suka yi faɗa da mulkin mallaka, ga kuma dubban mutane da suka yi faɗa a ƙarƙashin tutarsa. Ba a san inda za a ajiye su a cikin sabon labarin ƙasa ba. Gana ta sami mafita, domin a ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji sun yi maci zuwa fadar gwamna a Ankara, babban birnin ƙasar, suna neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta tafiyar da ta kai ga 'yanci a 1957. Saboda haka tsohon sojan Bama ya sami gurbi a tarihin Gana, har yau ana bikin ranar Myohaung a can, hedikwatar sojansu ma sunanta Burma Camp. A Nijeriya ba a yi irin wannan rana ba. Sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ya rufe duk abin da ya gabace shi. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda a da ake yi a 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashen rainon Ingila, aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da Biyafara ta miƙa wuya. Ga ɗan Arewa kuma ranar tana ɗauke da wani nauyin dabam, domin a 15 ga Janairun 1966 ne aka yi juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Rana ɗaya da aka ɗora wa wannan kaya duka ba ta da sauran wurin da za ta ɗauki Kaladan. An yi daidai da aka sa ranar ta dace da tarihin ƙasa, amma sauyin ya yanke igiyar da ta haɗa bikin da yaƙin duniya.

Kaso na uku ya shafi su kansu sojojin, kuma shi ne ya fi wuyar magani. Mafi yawansu ba su yi boko ba. Sun dawo da labari a baki, suka ba da shi a dandali da zaure da bakin kasuwa, yara suka saurara kamar tatsuniya, wasu manya suka ɗauke shi a matsayin cika baki irin na wanda ya je nesa. Wanda yaƙin ya taɓa wa hankali, aka ce ya dawo da taɓuwa, aka bar shi da halinsa, domin a lokacin ba a san ciwon firgicin yaƙi a matsayin cuta mai magani ba. Wasu kuma suka zaɓi yin shiru, ko don abin da suka gani ba ya faɗuwa, ko don sun lura ba mai fahimta. Al'ummarmu tana da hanyoyinta na adana tarihi, ta bakin maroƙa da makaɗan fada da malamai masu ajami, amma waɗannan hanyoyi an gina su ne a kan sarakuna da malamai da attajirai. Ɗan talakan da ya ɗauki kaya a ka a kwarin Kaladan ba shi da maroƙi. Idan ya mutu, labarin ya bi shi, abin da ya rage sai lambar yabo a ƙasan adaka da littafin sallama da gara ta ci rabinsa.

A nan ne Fadoyebo ya bambanta, kuma bambancin bai wuce abu biyu ba: ya iya rubutu, kuma yana jin akwai bashi a kansa. Ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, aka buga masa da tafireta, ba tare da wani kamfanin ɗab'i yana jira ba. A 1989, lokacin cika shekara 50 da fara yaƙin, sashen Afirka na BBC ya shirya shirye-shirye a kan sojojin Afirka, ya nemi tsofaffin sojoji su aiko da labaransu, shi kuma ya aika da nasa. Rubutun ya kai hannun masanin tarihi David Killingray, wanda ya daɗe yana bincike a kan sojojin Afirka na zamanin mulkin mallaka, ya gyara shi ya yi masa gabatarwa, Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta buga shi a 1999. Sunan da ya ba ɗan littafin yana nufin sa'ar da hankali ba zai ɗauka ba. Ya sa sunan ne saboda tsirar da ya yi, amma ya dace da tafiyar rubutun kansa. Shekara 55 bayan harin kafin labarin ya shiga ɗab'i, kuma a wata ƙasa, cikin jerin littattafan da sai manazarta suke buɗewa.

Dace na gaba shi ne wani ɗan jaridar Ingila, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Nijeriya, ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi da ke Landan. Ya nemi marubucin bai ma tabbata yana raye ba, sai ya same shi a Legas. Abin da tsohon ya fi nunawa damuwa a kai shi ne bai taɓa samun damar yi wa Shuyiman godiya yadda ta kamata ba, domin ranar da aka cece su an tafi da su cikin gaggawa. Tsufa ya hana shi tafiya, sai ya rubuta wasiƙa. Phillips ya ɗauke ta ya shiga Myanmar, a lokacin da hukumomin ƙasar ba sa maraba da 'yan jarida, ya bi kogin har ya gano ƙauyen. Shuyiman ya riga ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan, kuma sun san labarin baƙaƙen sojoji biyu da mahaifinsu ya ɓoye. Aka karanta musu wasiƙar, suka yi kuka. Tashar Aljazira ta nuna shirin a 2011, Fadoyebo ya rasu a watan Nuwambar 2012 yana da shekara 86, Phillips kuma ya fitar da cikakken littafi a kan labarin a 2014. Da an yi jinkirin shekara biyu, da wasiƙar ba ta rubutu ba.

Yana da kyau a lura cewa an adana labarin nan a wuri biyu ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba: a takarda a Legas, da kuma a baki a Mairong. Iyalin manomin ba su da gidan tarihi ko ranar biki, amma sun riƙe abin shekara 67, saboda ya shafi mahaifinsu. Wannan ya nuna cewa riƙon baki ba shi da rauni matuƙar akwai wanda labarin ya zame masa abin alfahari na gida. Inda yake karyewa shi ne inda masu saurare ba su ga abin da ya haɗa su da shi ba, kuma abin da ya sami labaran 'yan Bama a garuruwanmu ke nan.

Irin tunawar da Fadoyebo ya bari ta sha bamban da ta fareti. A bikin hukuma ana ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru, a yi maganar sadaukarwa da kishin ƙasa, duk a dunƙule, ba suna ba fuska. Shi kuwa bai kashe kowa ba, bai ci wani gari ba, yaƙinsa ya ƙare a safiya ɗaya, sauran duk jinya ce da yunwa da tsoro da ƙarya don tsira. Jarumin labarinsa ba soja ba ne, manomi ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ta fi gaskiya, domin babu wani marubucin hukuma, na Ingila ko na Nijeriya, da zai tsara labarin yaƙi a haka. Na Ingila zai so ya nuna biyayyar 'yan mulkin mallaka ga Sarki, namu zai so ya nuna zalunci da turjiya. Mutumin da abin ya faru a kansa bai ba kowannensu cikakken abin da yake so ba.

Sai dai kada a ɗora wa shaida ɗaya abin da ya fi ƙarfinta. Fadoyebo ɗan Kudu ne, Kirista, mai ilimin boko, ma'aikacin jinya, kuma ya rubuta labarinsa bayan shekaru masu yawa, lokacin da ƙwaƙwalwa ta riga ta tace wasu abubuwa ta gyara wasu. Bai wakilci ɗan dakon da aka kamo daga ƙauye ba, bai wakilci sojan Chindit da ya tsare sansanin da ake kira White City a ƙarƙashin ruwan igwa ba. David Kargbo ma, wanda suka sha wahalar tare, ta bakin abokinsa aka san shi. Haɗarin da ke tattare da samun labari ɗaya mai daɗi shi ne a riƙa maimaita shi har a ɗauka an biya bashin sauran. Haka nan masana sun yi taka-tsantsan da ra'ayin nan da ya yaɗu cewa sojojin da suka dawo su ne suka kunna wutar neman 'yanci a ko'ina. Killingray yana cikin waɗanda suka nuna cewa mafi yawansu abin da ya dame su shi ne aiki da fansho da kuɗin aure da jarin sana'a, suka koma gona ko suka zama 'yan doka da masu gadi da direbobi. Abin da ya faru a Ankara gaskiya ne, amma ba shi ne labarin kowa ba.

Matattu ma ba su tsira daga wannan bambanci ba. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wato Ingila da ƙasashen da ta raina, ta fitar da rahoto inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, galibinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko kuma ba a yi musu wata alamar tunawa ba sam, alhali ƙa'idar hukumar ita ce a daidaita kowa. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gwalkwas na 1923, wanda ya ce mutanen ƙasar ba za su fahimci amfanin dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. A yaƙi na biyu an ɗan gyara, domin a maƙabartar Taukkyan da ke wajen Yangon, wato Rangun ta da, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma a cikinsu akwai 'yan rundunar Afirka ta Yamma. Sau da yawa abin da aka rubuta shi ne sunan yanka da sunan gari, irin su wane Kano ko wane Sakkwato, yadda magatakardan bariki ya ji ya rubuta. Wannan ya sa gano zuriyarsu yake da wuya, amma kuma sunan garin da ke jikin dutsen shi ne bakin zaren da mai bincike zai iya kamawa.

Yanzu lokacin jin labari daga bakin masu shi ya kusa ƙarewa, domin wanda ya shiga soja yana da shekara 16 a 1942 ya kai shekara ɗari ko yana dab da ita. Abin da ya rage yana hannun 'ya'ya da jikoki: lambobin yabo, da littattafan sallama masu ɗauke da lambar soja da sunan bataliya, da hotuna, da guntattakin waƙoƙin bariki, da abin da aka ji daga bakin kaka. Lambar soja ɗaya tana iya buɗe fayil a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna ko ta Landan, tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, suna ɗauke da yadda aka riƙa ba mutanen Arewa labarin yaƙin a lokacin da ake yin sa. Aiki ne da sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu da ƙungiyar tsofaffin sojoji za su iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba, kuma ya fi sayar da bajen tunawa a watan Janairu amfani ga wanda zai zo nan gaba yana tambaya. Ko allo ɗaya a ƙofar barikin Dalet mai bayanin inda Dalet take da abin da ya faru a can zai rage wani abu.

Game da mutanen da suka ɓoye shi kuwa, a shekarar da Fadoyebo ya rasu ne rikici ya ɓarke a jihar Rakhine, sunan Arakan na yanzu, tsakanin mabiya addinin Buda da Musulmi, aka ƙona ƙauyuka, aka tsare dubban Rohingya a sansanoni. A 2017 sojojin Myanmar suka kai farmakin da ya kori fiye da mutum 700,000 zuwa Bangaladash. Ƙasar da Shuyiman ya yi noma a cikinta ba ta amince da jikokinsa a matsayin 'yan ƙasa ba, tun bayan dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 da ta cire al'ummarsu daga jerin ƙabilun da gwamnati ta sani.